Ƙarfe Biyu, Idon Dama

Filinge, 13 ga Oktoba

Zuwa ga uwargidana Mas'uda, uwar Latifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Latifa da Yazid. Yaya gajiyar hanya, ko da yake yau kwana tara ke nan da tahiyarki? Ki gaishe mani da Baba Malam da Hajiya, ki ce ina tambayar ƙafarta. Yaya mutanen Damana da aikin kaka? An ce hatsinku ya fi namu kyau bana.

Na kira ki ban san adadi ba, tarho na shiga ba ki ɗauka. Ban yi fushi ba. Shi ya sa na sayi kaye, littafin rubutu, na zauna rubuta maki, abin da rabona da shi tun ina kolej. Manzo direba zai kawo maki, na ce mashi hannunki kaɗai.

Magana guda ce, kuma ina so ki karanta ta sau biyu: ban sake ki ba. Ranar Juma'ar nan na ce maki "tahi gidanku", na faɗa, ba ni musu. Amma bakina ne ya faɗa, ba da niyyar rabuwa ba. Shekara goma sha ɗaya muna tare, kin taɓa ji na ɗaga maki murya? Ni ban yi zaton za ki ɗaure kaya a ranar ba. Na fito daga magaza, ɗakin ajiyar kayan aikina, na tarar da tukunya bisa murhu, wuta ta mutu, ba kowa.

Na san abin da ya kamata shi ne in taho da kaina. Aiki ne ya riƙe ni. Ina da ƙofofin ƙarfe goma sha huɗu na wata lakwal, makarantar boko, da na yi alkawarin miƙawa kafin ƙarshen wata, kuma kin san halina, ba ni barin ma'aikata su yi walda ba idona a wurin. Ni Tahiru da na fara da injin aro a gindin itacen bedi, yau in kin bi titin kasuwa har tasha rabin ƙofofin da za ki gani nawa ne, ba da saɓa alkawari na kai nan ba. In na sarara zan taho.

Game da jikina, kada ki damu. Haƙorin nan ne. Na koma an cire na uku ranar Talata, an ce shi ne tushen abin. Kumatu ya ɗan kumbura, ina shan kunu. Furar da nake saye ba ta kama ƙafar taki ba, wannan kam ba zan ɓoye ba.

In wani ya taho kasuwar yau daga wajenku ya koma da labarin cewa na daina zuwa jam'in azahar, kada ki saurare shi. Mutanen garin nan ba su da aiki sai ƙirga sahun masallaci. Ina sallata.

Ki shafa mani kan yara. Ki ce wa Latifa kada ta bar karatu don tana gidan kakanni. Ki ɗauki tarho in na kira, ko da ba za ki ce komi ba.

Naki,
Tahiru

Filinge, 20 ga Oktoba

Zuwa ga Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yara, da Baba Malam da Hajiya da duk wanda ya tambaye ni. Da fatan kun kwana lafiya kun tashi lafiya.

Manzo ya kawo mani saƙon Baba. Na ji ya ce kalmar da na faɗa ba ta wasa ba ce, hukuncinta na ga niyyar mai faɗin ta, kuma niyya ba a aiko ta cikin takarda. Ya ce in taho zaurenshi in faɗa da bakina gaban liman da kawunki bayan an sauko Juma'a. Ya ba ni Juma'a uku. In ban zo ba, zai ɗauka na yi nufin abin da na ce. Baba ya yi gaskiya, ba ni da ta cewa.

To, Mas'uda, ba ƙofofin lakwal sunka riƙe ni ba. An gama su tun kafin in rubuta maki waccan takardar. Ƙarya na yi maki, kuma ba ita ce ta fari ba.

Ba haƙori ba ne. An cire uku, abin na nan yadda yake. Zan gaya maki yadda yake zuwa, don ban taɓa gaya wa mahaluki ba.

Kullum, daidai kiran azahar. Da farko ɗan nauyi ne a gefen goshi, wajen dama. Kafin in ƙirga ɗari ya kama. Kin san ni da wuta, shekara ashirin ina ƙonewa. Ranar da injin yankan ƙarfe ya ɗauke mani kan yatsa, da kaina na ɗaure shi da tsumma na tuƙa moto har gidan likita. Wannan ba ɗan uwan wancan ba ne. Kamar an ɗauki tsinken walda da ya yi ja an soka mani bayan idon dama, ana murzawa, ana murzawa, ba a cirewa. Ba ni iya kwanciya, ba ni iya zama. Sai kai da komowa cikin magaza, ina dafe da ido, ina buga kaina ga ƙofa, don zafin ƙarfe ya fi sauƙi. Wajen minti arba'in da biyar, wani lokaci awa. Sannan ya ɗauke bat, kamar an yanke kuran na lantarki. In wanke fuska, in yi azahar ni kaɗai, in fito in yi wa ma'aikata faɗa kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa nake sa su kunna injin gurza ƙarfe da ƙarfe biyu ko da ba abin gurzawa. Don kada a ji ni.

Bana kaka ta uku ke nan. Shina farawa in an fara ɗaure dammunan hatsi, ya yi sati bakwai ko takwas kullum ba fashi, sannan ya tahi sai baɗi. Shekarar fari anka ce hasken walda ne, anka ba ni maganin ɗigawa. Sannan anka ce haƙori. Sannan wani majo, ma'aikacin jinya, ya ce sinuzit ne, ciwon kogon hanci, na sha ƙwayoyi har cikina ya lalace. Bara da na ce maki zan tahi Yamai sayen ƙarfe, hoton kai na je anka yi mani da sikana. Anka ce kaina lafiya lau, ba ƙari, ba komi. Wani sai ya yi murna. Ni kuwa ban yi ba, don in ba abin da injin ke gani, to kin san abin da ya rage.

Ban taɓa ba ki labarin kawuna Baushe ba, ƙanen uwata. Kin san dangin uwata 'yan bori ne a ƙauyenmu na Kurfai, kuma kin san yadda na yi nesa da su. Baushe ya fi kowa noma a ƙauyen, mutum mai hankali, mai ban dariya. Amma kowace kaka wani abu na kama shi. Ina ɗan shekara takwas na gan shi shina zagaya rumbu da gudu, hannu a ido, shina kururuwa kamar bijimin da ake yankawa, ya ɗauki taɓarya ya buga wa kanshi. Maza huɗu ke kama shi su ɗaure a gindin gawo. An yi mashi girkar bori sau biyu, an sha rubutu, an yi yanka. In kaka ta wuce ya koma Baushenshi, ya bi mutane shina ba su haƙuri. Wata shekara anka tsamo shi daga rijiyar bakin gari. Har yau ba wanda ya ce ga yadda ya shiga.

Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne lokacin. Me ya sa sai ladan ya ɗaga murya? Mi ne ne a cikin jikina da ba ya son kiran sallah?

Ranar Juma'ar nan ba ma'aikata, ba ƙarar inji, kuma na manta ban sa sakata ba. Kinka shigo da kwanon fura, kinka dafa mani kafaɗa. Hannuna ya tashi sama, Mas'uda. Ban buge ki ba, amma ya tashi, kuma ba ni na ɗaga shi ba. A lokacin ba abin da nake so illa ki yi nesa da ni, ke da yara. Shi ne abin da ya fito bakina.

Ranar Laraba na kwashe guduma da gutattsarin ƙarfe daga magaza, na kai su waje da hannuna. Ban yarda da kaina ba in ina ciki.

Yanzu kin gane. Bayan an sauko Juma'a ƙarfe biyu ne. Baba ya zaɓi daidai sa'ar da ba ni iya tsayuwa gaban mutane. In na taho, liman da kawunki da duk Damana za su ga mijinki shina buga kai ga bango. Ki roƙar mani shi ya ƙara mani kwana. A lissafina abin zai sake ni wajen ƙarshen Nuwamba. Ki ce mashi aiki ne, ko duk abin da kinka ga dama, amma wagga takarda ki ƙona ta.

Ki gaishe da yara. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Tahiru

Filinge, 27 ga Oktoba

Zuwa ga uwar Latifa,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara. Na ji Yazid ya yi masassara, ina fata ya warware. Ina gaishe da Baba da Hajiya.

Takardarki ta iso. Na ji ba za ki yi wa Baba ƙarya ba, kuma bai ƙara ko kwana ɗaya ba. To, Juma'a ɗaya ta wuce, saura biyu.

Na karanta shafin nan na biyu da kinka rubuta, na ajiye, na fita na zagaya gida, na dawo na sake karantawa. Ashe shekara uku kina kallona ta ramukan bulo da ke tsakanin madafa da magaza. Ni da na gina bangon da kaina, ban taɓa tuna ramukan ba. Ina ta kunna inji, ina ta sa sakata, ke kuwa kina tsaye da muciya a hannu kina gani. Ban san ko kunya ce ta fi yawa ko haushi ba. Kwana guda cur na yi ina fushi da ke.

Kinka ce kullum idon dama ne, bai taɓa komawa hagu ba. Kinka ce idon kan yi ja ya riƙa ruwa shi kaɗai, ɗayan a bushe. Hancin dama na zuba, fatar idon na saukowa kamar mai jin barci, gumi na fitowa rabin goshi kawai. Ni ban san rabin wannan ba, ba ni da madubi a magaza, kuma ko da akwai ba ta shi nake ba.

Amma abin da ya sa na zauna ƙasa shi ne maganar ladan. Kinka ce ranar Juma'a ana kira tun ƙarfe ɗaya da wani abu, amma ni ba ya kama ni sai biyu ta ɗan gota. Kinka ce bara akwai kwana uku da lasifikar masallaci ta lalace, ba a jin kira daga gidanmu, kuma bai fasa zuwa ba. Kinka ce, da kalmominki, abin nan agogo yake bi ba ladan ba. Jiya na ajiye agogona bisa tebur na duba. Ladan ya makara da kusan minti goma sha biyar. Abin ya riga shi.

Ban san ko wannan ya rage mani tsoro ba. Ya dai canza mashi wuri.

Inna Tanne ta zo ranar Alhamis, ƙanwar uwata Asabe, wadda kinka gani sau ɗaya ranar sunan Latifa. Ba ni na kira ta ba, labari ne ya kai ƙauye cewa ɗan Asabe ya daina jam'i kuma matarshi ta tahi. Ta tsufa ƙwarai. Ta zauna bisa tabarma tana ɓare goro, ba ta tambaye ni mi ke damuna ba, sai ta ce wane idon. Na ce ban gane ba. Ta ce na Baushe hagu ne. Ta ce nashi kwana arba'in da 'yan kai yake yi, kuma da hantsi yake zuwa mashi, in inuwar rumbu ta kai bakin turmi. Ta ce iskokin gidanmu ba mugaye ba ne, so suke a san da su, in an yi girka an ba su haƙƙinsu sai su zauna lafiya da mutum. Na ce ai an yi wa Baushe har sau biyu. Ta ce an yi, kuma ita ce ta wanke shi da anka tsamo shi, ba ta so ta wanke na biyu.

Na yi mata magana mai kaushi, na ce ni na yi lakwal, na je Makka, ba ni zama gaban mai goge. Ba ta yi fushi ba. Ta ce ba ta tilasta ni, ɗakin girka na nan. Da na raka ta tasha, Mas'uda, saura kaɗan in shiga motar tare da ita. Ni Tahiru. Ƙafata guda na bisa matakala.

Kinka ce in kai shafin nan ga likita a Yamai, kada in gyara ko kalma ɗaya. Manzo ya ce akwai wata likitar kai da jijiyoyi da ta duba surukarshi, Dokta Safiya, mutuniyar Maradi. Mace ce, kuma an ce yarinya ce ƙarama. Ta yaya zan miƙa wa yarinya kamar ɗiyar cikina takardar da ke cewa ina birgima ƙasa? Bara da na je, likitan da ya duba ni ya tambaye ni da faransanci ko ina kuka in abin ya zo. Na dube shi na ce mashi namiji ba ya kuka. Da faransanci mai kyau na faɗa, har majon da ke wurin ya yi murmushi. Yanzu in koma da takardar matata?

Amma jiya sau biyu ya zo. Na biyun wajen la'asar sakaliya. Bai taɓa yin haka ba. Ina cikin na biyun na ji bakina na kiran sunan Baushe.

Zan tahi. An ba ni ranar Talata ta sama, biyar ga wata, ba a samu kafin nan ba. Zan bi motar asuba don in isa kafin rana ta yi tsaka. In na ga abin zai kama ni a hanyar dawowa, in kwana can.

In wani abu ya same ni, takardun gida da na atiliye, wurin waldata, na cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Ba ina cewa wani abu zai faru ba. Ina dai gaya maki.

Ki gaishe da kowa. Ki yafe mani fushin kwana ɗayan nan.

Naki,
Tahiru

Filinge, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga uwargidana Mas'uda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wagga takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da iyayenmu. Na dawo daga Yamai ɗazu da hantsi, ko wanka ban yi ba na zauna rubuta maki, don Manzo zai wuce ta wajenku da marece.

Abin na da suna. Ciwo ne, Mas'uda. Ciwo ne da ke cikin littafin likitoci, wasu mutane na da shi a ko'ina cikin duniya, maza sun fi yawa. Da faransanci ana ce mashi algie vasculaire de la face. Na sa ta rubuta mani a takarda, na kuma haddace. Ta ce ba ta san sunanshi da Hausa ba, ita dai takan ce wa mutane ciwon kai mai agogo. Ba hauka ba ne, ba ƙari ba ne, ba ya kisa da kanshi, kuma hoto ba ya nuna shi. Da tambaya ake gane shi.

Na shiga wajenta wajen sha biyu. Na fara da faransancina, ciwon kai, ciwon haƙori, kaza da kaza, ina zaune tsaf da babbar rigata. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, Alhaji, mu yi Hausa, ciwo da harshen uwa ya fi fita. Na ji kamar an cire mani hula. Sai na ciro shafinki na tura mata bisa tebur, na juya fuskata ga taga.

Ta karanta. Ta tambayi wa ya rubuta. Na ce maiɗakina. Ta ce wace makaranta kinka yi, na ce firamare kaɗai. Ta ce duk tambayoyin da za ta yi mani kin riga kin amsa su, a jere, har da wadda mutane ba su cika lura da ita ba, wato cewa ba ni iya zama wuri ɗaya. Ta ce mai ciwon ɓarin kai na yau da kullum ɗaki mai duhu yake nema ya kwanta shiru, mai irin nawa kuwa sai ya tashi ya yi ta yawo.

Sannan ta buɗe karnena, ɗan littafin marar lafiya da likitan bara ya rubuta a ciki, ta nuna mani layi guda. Ya rubuta cewa ido ba ya hawaye. Ta ce wa ya gaya mashi haka. Na ce ni ne, ai tambayata ya yi ko ina kuka. Ta ce in tuna da kyau, ni ya ce ina kuka, ko idon. Na tuna. Idon ya ce, Mas'uda. Cewa ya yi ko idon na kuka, don haka suke faɗin ido mai ruwa da faransanci. Ni kuwa kalmar kuka kaɗai na ji, jinina ya hau, na ba shi amsar da ba ita ya tambaya ba. Mutumin nan ya kusa kama abin tun bara. Da na ce e, da haƙorina na uku na bakina, da ban ɗaga maki hannu ba, da yanzu kina ɗakinki. Ni da ke gyara wa ma'aikata faransanci.

Ta ce kada in ɗora wa kaina duka. Ta ce masu wanga ciwo kan yi shekara biyar, goma, ana cire masu haƙora ana ɗiga masu magani a ido kafin wani ya yi tambayar da ta dace. Tana haɗa 'yan tambayoyi da Hausa da Zabarmanci don majojin likitocin ƙauye, su riƙa yi wa duk wanda ya zo da ciwon gefe ɗaya. Ta nemi izini ta kwafi yadda kinka faɗa, "idon na ruwa shi kaɗai", don ta ce ba namijin da zai ji kunyar amsa wannan. Na ce sai na tambaye ki. Ba za a sa sunanmu ba.

Ta tambayi ƙarfe nawa yake zuwa. Na ce biyu. Ta ce to in zauna bisa banci in jira. Wallahi na so in gudu. Na zauna ina kallon agogon bango kamar mai jiran hukunci. Biyu da minti bakwai ya kama. Anka shigar da ni wani ɗaki, anka sa mani abin shaƙa a fuska, iskar oksijan da ƙarfi. Kafin minti goma sha biyar tsinken ya fita. Shekara uku, Mas'uda. Na zauna bakin gado ina duban kwalbar, irin wadda ke jingine a atiliyena kullum. Ta ga inda nake kallo, ta ce kada in kuskura, ta walda ba ta shaƙa ba ce. Daga nan kam idanuna biyu sunka yi ruwa, ba na dama kaɗai ba, kuma ban juya fuska ba.

Na ba ta labarin Baushe. Ta ce ba ta iya auna wanda ba ta gani ba, amma yadda Inna Tanne ta faɗa, ya yi kama ƙwarai. Tun jiya nake tunanin mutumin nan ɗaure a gindin gawo da hankalinshi garau, shina roƙo a kwance shi don ya samu ya yi tafiya. Zan je ƙauye in gaya wa Inna da kaina. Ban san ko za ta yarda ba, amma ita ma ta ƙirga kwanakin daidai.

Yanzu ga abin da ban so in rubuta ba. Ba a warkewa. An auna zuciyata an ba ni ƙwayoyin da zan riƙa sha don su rage zuwanshi, amma ta ce sai sun yi sati ɗaya ko biyu kafin su kama jiki. Kwalbar oksijan ta likita kuma ba a same ta ba tukuna, ana nema mani. Baɗi da kaka zai iya dawowa, da baɗin baɗaɗa. Wanda zai zo bikonki ba lafiyayye ba ne, kuma har yanzu in ƙarfe ɗaya ta wuce nakan fara kallon agogo. Sanin sunan bai rage zafin ba ko kaɗan.

Jibi ce Juma'a ta ukun. Na tambayi dokta ko akwai dabarar da za ta jinkirta shi ko da awa ɗaya. Ta ce babu tabbas.

Zan taho. Motar Manzo na tashi ƙarfe tara, in sha Allahu in yi Juma'a a Damana. Ki gaya wa Baba komi tun yau, ki ba shi takarduna ya karanta in kin ga dama, na san ba ki ƙona su ba. Ki ce mashi ina roƙo ya bar ni in fara magana da zarar mun zauna, kafin gaishe-gaishe su yi tsawo, don minti bakwai nake da su bayan biyu kuma abin da zan faɗa gajere ne. In ya riga ni, kada kowa ya kama ni, kada a danne ni, kada a tofa mani komi. A buɗe mani hanya in yi ta zagaya tsakar gida. A kai yara maƙwabta. Kawunki da liman su zauna su gani, ba komi. Kafin uku zan dawo in zauna, in wanke fuska, in faɗi niyyata.

Ke kuma ki tsaya inda zan gan ki da idon hagu.

Ki gaishe da Baba Malam da Hajiya, ki shafa kan Latifa da Yazid. Sai na iso.

Mijinki,
Tahiru ɗan Asabe